Sirkuwar Fetur da Baƙin Mai a Injin Baburan Jeji: Karanta Sakamakon Gwaji a Yanayin Jidda

Tsakure

Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da shaidar abin da ya faru a cikin injin, kuma ɗakin gwaji yana iya fito da wannan shaida cikin alƙaluma. Wannan maƙala ta dubi ɗaya daga cikin alƙaluman, wato yawan fetur ɗin da ya zurara cikin baƙin mai, a injin babur ɗin jeji mai bugu huɗu. An ɗauki unguwar Kurayyat da kewayenta a kudancin Jidda a matsayin farfajiyar bayani. Maƙalar ta nuna cewa raguwar kaurin mai a babur tana da tushe biyu masu kama da juna a takardar sakamako, wato fetur da kuma niƙar haƙoran giya, kuma ba a raba su sai an haɗa gwaji fiye da ɗaya. Ta kuma nuna cewa adadin fetur ɗin da ake yi wa uzuri a ƙasashen sanyi ya cancanci a bi sawunsa a gari mai zafi irin Jidda.

Fitilun Kalmomi: baƙin mai, sirkuwar fetur, kauri, babur ɗin jeji, Jidda

1.0 Gabatarwa

Kurayyat tana cikin tsofaffin unguwannin kudancin Jidda, yankin da ya ƙunshi Gulail da Karantina da Petromin, inda 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa, suka daɗe da kafa matsuguni bayan sun zo aikin Hajji. Aikin rushe tsofaffin unguwanni da aka soma a ƙarshen 2021 ya sauya fasalin yankin ƙwarai, amma sunayen suna nan. Sunan Petromin kuwa ya samo asali ne daga hukumar mai da ma'adinai da Saudiyya ta kafa a 1962. A Jidda aka kafa kamfanin haɗa man inji na Petrolube a 1968, sannan aka kafa Luberef a 1976 domin tace ɗanyen sinadarin da ake haɗa baƙin mai da shi. Saboda haka maganar baƙin mai ba baƙuwa ba ce a wannan sashe na birnin.

Babur ɗin jeji ma ya sami gindin zama a Jidda. Daga nan gasar Dakar ta tashi a ranar 5 ga Janairu, 2020, karo na farko da aka yi ta a Saudiyya, kuma Ricky Brabec na Amurka ya lashe sashen babura a kan Honda. A 2021 a Jidda aka fara, a Jidda aka ƙare. Gasar tana da tsohuwar dangantaka da ƙasar Hausa, domin tun zangonta na farko, wanda ya bar Paris a ƙarshen Disamba 1978, ta ratsa ta Agadas da Yamai. Baya ga 'yan gasa, akwai masu sha'awa da ke ɗora baburansu a bayan a-kori-kura su fita bayan gari domin hawan rairayi. Injin irin waɗannan babura ne abin dubawa a nan.

Matsalar da ake son warwarewa tana da sauƙin faɗa. Mai babur ya aika da tsohon mai ɗakin gwaji, takarda ta dawo tana cewa mai ya tsinke kuma akwai fetur a cikinsa. Abin da zai yi bayan nan ya danganta da yadda ya karanta takardar. Idan ya yi sakaci, yana iya rasa metal da fistin. Idan kuma ya firgita ba gaira ba dalili, yana iya sa bakanike ya buɗe lafiyayyen inji.

2.0 Abin da Ɗakin Gwaji ke Aunawa

Kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka ne suka fara mayar da gwajin tsohon mai hanyar gano lafiyar inji a shekarun 1940, daga baya rundunar sojan ruwan ƙasar ta ɗauke shi domin jiragen samanta a shekarun 1950. A yau ana bin ƙa'idojin da ƙungiyar ASTM ta tsara, kowace da lambarta.

Takardar sakamako takan ƙunshi rukuni uku. Na farko shi ne burbushin ƙarafa da ke nuna zaizayewa, irin su baƙin ƙarfe da alminiyam da tagulla da kuromiyam, waɗanda ake lissafawa da kashi cikin miliyan bisa ƙa'idar D5185. Na biyu shi ne baƙin abubuwan da suka shigo daga waje: ƙura da ruwa da ruwan lagireto da fetur. Na uku shi ne halin man kansa, musamman kaurinsa, wanda ake aunawa a zafin digiri 100 na Salshiyos bisa ƙa'idar D445, da ma'aunin da ake kira santistok.

Akwai iyaka ɗaya da ya kamata a sani tun farko. Na'urar auna ƙarafa ba ta ganin burbushin da ya wuce 'yan maikiron kaɗan a girma. Boris ɗin da ya fara ɓarewa yana iya zubar da gutsattsarin da ido ke gani a matatar mai alhali takardar gwaji tana nuna lafiya lau. Duban matata da maganaɗisun noton juye yana nan a matsayinsa.

3.0 Bambancin Babur ɗin Jeji da Mota

Yawancin ma'aunan da ɗakunan gwaji ke kwatanta sakamako da su an gina su ne a kan motoci da manyan injunan dizal. Babur ɗin jeji ya saɓa musu ta fuskoki uku.

Fuska ta farko ita ce ƙarancin mai. Injin gasa mai silinda ɗaya na 450cc yana ɗaukar kimanin lita ɗaya ko ɗoriya kaɗan, alhali ƙaramar mota takan ɗauki lita huɗu zuwa biyar. Mililita 30 na fetur, wato cokalin cin abinci biyu, kashi 3 cikin ɗari ne a lita ɗaya. A motar da ke ɗaukar lita huɗu da rabi, wannan adadin bai kai kashi 1 ba. Haka lissafin yake ga ƙarafa: miligiram 50 na baƙin ƙarfe zai fito a takarda kusan kashi 57 cikin miliyan a babur, amma kusan 13 a waccan mota. Wanda ya ɗora ma'aunin mota a kan babur zai riƙa ganin gobara a inda babu ko hayaƙi.

Fuska ta biyu ita ce tarayya. A mafi yawan baburan masu bugu huɗu, mai ɗaya ne ke shafe inji da giya da kuloci. Wannan ne ya sa masana'antun Japan suka fitar da ƙa'idar JASO T 903 a 1998, wadda ta raba man babur zuwa MA mai dacewa da kulocin da ke wanka a cikin mai, da MB wanda ya fi santsi. Honda ta daɗe tana raba man inji da na giya a CRF450R, tun daga 2002, kafin ta haɗe su a samfurin 2017. Duk inda aka yi tarayya, baƙin ƙarfen da ke takarda yana iya fitowa daga haƙoran giya, alminiyam daga kwandon kuloci, ba lallai daga silinda ba.

Fuska ta uku ita ce lokaci. Ba a lissafa aikin irin wannan inji da kilomita, da awa ake yi, kuma littattafan masana'antun sukan nemi a yi juye bayan awa 10 zuwa 15 a baburan gasa. Daga nan wani hukunci ya fito fili: sau da yawa kuɗin gwaji ya fi kuɗin litar sabon mai. Wanda ke gwaji domin ya ja lokacin juye ya yi asarar kuɗinsa. Amfanin gwajin a babur shi ne gano abin da ke damun injin tun kafin ya yi ƙara.

(Injin mai bugu biyu yana wajen wannan bayani, tunda shi da gangan ake haɗa masa fetur da mai, kuma man giyarsa daban yake.)

4.0 Hanyoyin da Fetur ke Bi

Babu injin fetur da baƙin mansa ya tsira ƙwata-ƙwata daga fetur. A kowane bugu, wani ɗan kaso na iskar da ke ɗauke da fetur yana kufcewa ta gefen ringi ya sauka ƙasan inji. Idan bangon silinda yana da sanyi, fetur yana daskarewa a kansa kamar raɓa, ringi ya kwashe shi zuwa ƙasa. Idan mai ya yi zafi sosai, wani sashe na fetur ɗin yana komawa tururi ya fita ta bututun numfashin inji. Adadin da gwaji ya samu shi ne abin da ya rage tsakanin shiga da fita a lokacin da aka ɗebi samfur.

Fetur ba ruwa ɗaya ba ne. Gamayyar sinadarai ce da ke tafasa a matakai daban-daban, daga wajen digiri 30 har zuwa sama da 200. Man inji a lokacin aiki yakan tsaya tsakanin 90 da 120. Ma'ana, doguwar tafiya tana korar sassan fetur marasa nauyi, amma masu nauyin suna zama cikin mai har ranar juye. Maganar da ake yi a gareji cewa a zaga da babur fetur ɗin zai ƙone, rabinta ce gaskiya.

Babur ɗin jeji yana da ƙarin ƙofofi. Ana saita shi ya sha fetur fiye da ƙima domin ƙarfi da sanyaya fistin. Cikakkiyar ƙonewa tana buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi, amma mafi girman ƙarfi yana samuwa ne a wajen 12.5 zuwa 13. A babur mai kafireto, allurar fulot da ta cinye ko ta ɗauki datti ba ta toshe hanya sosai, sai fetur ya cika ya tumbatsa. Idan famfon tanki yana buɗe, kuma babur yana jijjiga a bayan a-kori-kura tun daga cikin gari har bakin rairayi, fetur yana iya malala ta bawul ya taru a kan fistin. Ƙaramin sakamakonsa shi ne sirkuwar mai. Babban sakamakonsa shi ne lanƙwashewar kwanrod, domin ruwa ba ya matsuwa idan aka tayar da inji a kansa. Kafireton Keihin FCR, wanda ya yi tashe a baburan gasa, yana da ɗan famfo da ke fesa fetur duk lokacin da aka murɗa totur, ko da inji a kashe yake. Faɗuwa a rairayi da yawan bugun kik bayan an tashi su ma suna ƙara nasu.

Baburan jeji na Japan da ke amfani da injekta sun shigo fagen gasa da Suzuki RM-Z450 na 2008, Honda ta biyo a 2009, Yamaha a 2010. Sun rage matsalar tumbatsa, amma suna da nasu lahanin: injekta mai ɗiga bayan an kashe inji, ko na'urar jin zafin ruwa da ta lalace tana gaya wa kwamfutar babur cewa har yanzu inji da sanyi, ita kuma ta ci gaba da ƙara fetur.

4.1 Zafi da Ƙura da Tudu

A Turai da arewacin Amurka, babban dalilin sirkuwa shi ne tayar da inji cikin hunturu da gajeren zango. Jidda ba ta san wannan hunturu ba. Daren Janairu yakan tsaya wajen digiri 20, rana a bazara takan kusanci 40, kuma a watan Yunin 2010 an auna digiri 52. Inji yana ɗumama da wuri, ba a daɗe da jan cok, kuma fetur yana saurin komawa tururi. Wannan shi ne ginshiƙin abin da maƙalar ke son tabbatarwa. Ɗakunan gwaji da yawa sukan fara jan hankali idan fetur ya kai wajen kashi 2 cikin ɗari, su tsananta idan ya kusanci 4 ko 5. Kashi 2 a samfurin da aka ɗiba cikin sanyin Jamus yana iya zama aikin yanayi kawai. Kashi 2 a samfurin da aka ɗiba a Jidda bayan awa guda ana hawan rairayi ba shi da wannan uzuri, domin duk abin da zai iya tashi ya riga ya tashi. Abin da ya rage yana nuna cewa fetur yana shiga da yawa.

Sai dai zafin yana da wata fuska ga mai kafireto. Iska mai zafi ba ta da nauyi. Daga digiri 15 zuwa 45 nauyinta yana raguwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari, kuma laimar Bahar Maliya tana ƙara rage iskar da ke ƙona fetur. Jet ɗin da ya zo daga masana'anta an zaɓe shi ne domin yanayi matsakaici, saboda haka a Jidda yana ba da fetur fiye da buƙata. Wanda ya hau da babur ɗinsa tsaunukan Ɗa'ifa, inda tudu ya haura mita 1,800 kuma matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, zai ƙara tsananta lamarin. Soson iyakilina da ya toshe da ƙura shi ma yana aiki kamar cok ɗin da aka manta a ja.

Ƙura kuma tana da hannu ta wata hanya dabam. Idan ta kufce wa soso, tana cin ringi da bangon silinda, hanyar fetur ta ƙara faɗi. A takarda takan bayyana a matsayin silikon tare da alminiyam, silikon ɗin ya ninka alminiyam kamar sau uku. Silikon shi kaɗai ba hujja ba ne, domin sabon mai yana da ɗan silikon na hana kumfa, kuma gam ɗin gaskit yana sakin nasa bayan an yi aiki a inji. Sodiyam ma a gabar teku yana iya zama gishirin ƙasa, ba lallai ruwan lagireto ba, sai an ga fotasiyam tare da shi a soma zargi.

5.0 Yadda ake Auna Fetur ɗin

Bakanike yakan shinshina mai ya kuma murza shi tsakanin yatsu. Hancin ɗan Adam yana jin fetur ko ɗan kaɗan ne, don haka kusan kowane tsohon man babur yana wari. Hanci yana tabbatar da samuwa, ba ya faɗin adadi. Alamar da ta fi ƙarfi a gareji ita ce hauhawar mai a gilashin dubawa ko a sandar awo: man da ke ƙaruwa ba tare da an ƙara shi ba wani abu ne ke shiga cikinsa.

A ɗakin gwaji akwai hanyoyi da dama, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Mafi yaɗuwa ita ce auna matakin kama wuta, wato mafi ƙarancin zafin da tururin mai zai yi walƙiya idan aka kusanto masa da harshen wuta. Sabon man babur yakan kama a sama da digiri 200, fetur kuwa a wajen digiri 40 ƙasa da sifili. Fetur kaɗan yana jawo matakin ƙasa sosai, sai a ƙiyasta adadinsa daga yawan faɗuwar. Ƙiyasi ne, kuma yana da rauni biyu. Na farko, sai an san matakin sabon man kafin a san nawa ya faɗi, amma wasu ɗakunan gwaji suna ɗaukar adadi ɗaya su ɗora a kan kowane mai. Na biyu, gwajin buɗaɗɗen kofi na D92 yana barin tururi mara nauyi ya tsere yayin ɗumamawa, shi ya sa rufaffen kofi irin na D93 ya fi shi jin ɗan ƙaramin fetur. Bugu da ƙari, sassan fetur masu nauyi, waɗanda su ne ke saura a yanayin Jidda, ba sa jawo matakin ƙasa kamar marasa nauyin. Wannan hanya tana iya raina adadin a daidai inda aka fi buƙatar gaskiyarsa.

Hanyar da ta fi inganci ita ce kuromatogirafin gas, bisa ƙa'idar D3525 ko D7593. Ana tura ɗigon samfur cikin wani dogon siririn bututu mai zafi, sinadarai su fito bi da bi gwargwadon matakin tafasarsu, a auna na fetur daban da na mai. Akwai kuma tsohuwar hanyar D322 ta tafasa samfur da ruwa a tara abin da ya tashi. Na'urar hasken infared, wadda ke da amfani wajen gano ruwa da tsufan mai, ba abin dogaro ba ce ga ɗan ƙaramin fetur. Don haka tambayar farko ga duk takardar da ta ambaci fetur ita ce: da wace hanya aka auna? Takarda biyu daga ɗaki biyu suna iya saɓawa a kan mai ɗaya ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba.

6.0 Tsinkewar Mai: Fetur ne ko Giya?

Ƙa'idar SAE J300 ta ƙayyade kaurin kowane aji a digiri 100. Aji na 30 yana farawa daga santistok 9.3 zuwa ƙasa da 12.5, aji na 40 daga 12.5 zuwa ƙasa da 16.3, aji na 50 daga 16.3 zuwa ƙasa da 21.9. Man 10W-40 da ya fito daga galan yakan kasance wajen 14. Lissafin haɗa ruwaye ya nuna cewa fetur kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ya isa ya sauko da shi ƙasa da 12.5, wato ya koma aji na 30. Siririn shimfiɗin man da ke raba ƙarfe da ƙarfe a metal da kan kam yana ƙara sirancewa, a injin da ke juyawa sama da sau 10,000 a minti.

Amma a babur akwai wani abin da ke tsinka mai ko babu ɗigon fetur. Man da ke da lamba biyu, irin 10W-40, yakan ƙunshi dogayen zaruruwan sinadari da ke taimaka masa riƙe kauri idan ya yi zafi. Haƙoran giya suna datse waɗannan zaruruwa, kuma wanda ya tsinke ba ya komawa. Mafi yawan wannan asara tana faruwa a awannin farko bayan juye. Mota ba ta fuskantar wannan da irin wannan tsanani, tunda giyarta tana da man kanta. Mai karanta takardar da ya saba da motoci yana ganin kauri ya faɗi sai ya ce fetur, alhali giya ce ta yi aikinta.

Misali na kwatance zai fayyace. A ƙaddara babura biyu, kowanne an zuba masa 10W-40 mai kaurin 14.0 da matakin kama wuta 225, kowanne ya yi awa 10, kuma kowanne ya dawo da kaurin 11.5. A na farko matakin kama wuta ya tsaya wajen 215, kuromatogirafi ya sami ƙasa da kashi 1. Wannan niƙar giya ce. Injin ba shi da laifi, maganin shi ne a nemi man da ya fi jure niƙa ko a gajarta lokacin juye. A na biyu matakin ya faɗi zuwa wajen 160, kuromatogirafi ya sami kashi 4. Wannan fetur ne, kuma canza irin mai ba zai taɓa tushen matsalar ba. Lambar kauri ɗaya ce, hukunci biyu ne.

Akwai hali na uku wanda ya fi ruɗarwa, kuma zafin Jidda yana ƙarfafa shi. Man da ya daɗe cikin tsananin zafi yana tsufa ya yi kauri. Idan tsufa na tura kauri sama, fetur na jan sa ƙasa, sai lambar ta fito daidai alhali man ya lalace ta fuska biyu. Kauri mai kyau tare da matakin kama wuta da ya faɗi alama ce ta wannan hali.

Al'adar da ta yaɗu a garejin ƙasashe masu zafi ita ce a koma 20W-50 ko 10W-60 da zarar an ga mai ya tsinke. Idan niƙa ce, akwai hikima a ciki, muddin littafin babur ya yarda da ajin. Idan fetur ne, an rufe tukunya ne kawai tana tafasa. Fetur ɗin da ke sauka ta bangon silinda yana wanke man da ke kansa kafin ya isa ƙasa, kuma kaurin abin da ke cikin kwanon mai ba ya hana wannan wanki. Shi ya sa ake duba layin ƙarafa tare da na fetur. Idan kuromiyam da baƙin ƙarfe suna hawa daga juye zuwa juye, ko nikel a silinda mai rufin Nikasil, to ringi ya fara biyan kuɗin. Ana raba adadin ƙarfe da yawan awanni kafin a kwatanta samfura biyu, domin kashi 40 a awa 5 ya fi kashi 60 a awa 15 muni.

7.0 Ɗibar Samfur

Kuskuren ɗiba yana iya ƙirƙirar matsalar da babu ita. Wanda ya tayar da babur da cok, ya bar shi yana silo na minti uku domin mai ya saki, sannan ya juye, ya ɗebi mai a lokacin da fetur ya fi yawa a cikinsa. Abin da ya dace shi ne a ɗiba bayan tafiya ta ainihi, mai yana da zafi, a goge bakin noton juye daga ƙura, a bar na farkon ya zuba, a tara na tsakiya a kwalba mai tsabta. Kimanin mililita 100 ya wadatar. A rufe kwalbar gam, kada a bar ta cikin motar da aka ajiye a rana, domin fetur ɗin da ake son aunawa zai ragu kafin ta isa. A rubuta awannin mai da na inji, da irin man, da ko an yi ciko, da ko babur ya faɗi ko ya sha fetur a wannan zango. A karon farko a haɗa da samfurin sabon mai daga galan ɗin da aka zuba.

Samfur ɗaya ba ya yanke hukunci. Idan ya nuna fetur mai yawa, a canza mai nan take, a duba abubuwa masu araha tukuna: famfon tanki da allurar fulot da tsayin fulot da soson iska da girman jet, ko ɗigar injekta da na'urar jin zafi. Fulogin da ya yi baƙin toka busasshe yana goyon bayan zargin yawan fetur. Sai a sake ɗiba bayan 'yan awanni. Idan adadin ya ƙi sauka, a yi gwajin riƙe iska na silinda, wanda zai nuna ko ta ringi take zurarewa ko ta bawul. Bayan nan ne buɗe inji ke da hujja.

8.0 Daga Jidda zuwa Kano da Maraɗi

Baburan da ke bin hanyoyin karkara a ƙasar Hausa, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, ba na gasa ba ne, amma suna tarayya da baburan jeji a muhimman abubuwa: kimanin lita ɗaya ta mai, tarayyar inji da giya da kuloci, kafireto, da hanya mai ƙura. Bambancin yana ga yanayi. A lokacin hunturu, asubar Kano ko Maraɗi takan sauka ƙasa da digiri 15, ana jan cok, kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana toshe soso cikin ɗan lokaci. Ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabun da ke gajeren zango yana kashewa yana tayarwa ya fi kusa da halin direban Turai a wannan lokaci fiye da na mahayin rairayin Jidda. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, karatun Jidda ne ya dace da shi. Adadi ɗaya a babur ɗaya yana iya zama na yanayi a Janairu, ya zama na lahani a Afrilu.

Ga mai irin wannan babur, kuɗin ɗakin gwaji da wuya ya biya kansa. Amma ƙungiyar da ke da babura da yawa, kamar masu kai allurar rigakafi ƙauyuka ko malaman gona, tana iya gwada 'yan kaɗan daga cikinsu sau biyu a shekara, cikin hunturu da cikin bazara, ta gina ma'aunin kanta a kan nau'in babur ɗinta da man da take saye. Sauran kuwa suna da abin da ba ya cin ko kwabo: rufe famfon tanki duk lokacin da aka ajiye babur, mayar da cok da zarar inji ya kama, wanke soso a kan kari, da duba sandar awo da safe a wuri mai daidaito domin a ga ko man jiya ya ƙaru.